Wasa nawa Ryan Giggs ya buga wa Manchester United?

Malam, ka ce wani wuri ka ga 632, wani wuri 963. Duka biyun daidai ne. 632 na gasar Firimiya ne kaɗai, wadda aka soma a 1992, alhali shi tun Maris 1991 ya fara bugawa, a karawa da Everton. In ka haɗa duk gasanni har ya yi ritaya a 2014, sai ka samu 963, da ƙwallaye 168.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗaukarsa ɗan gefen hagu har ƙarshe. Da gudunsa ya ragu, kocin ƙungiyar na lokacin, Alex Ferguson, ya riƙa sa shi tsakiya. In rubutu za ka yi, tabbatar da alƙaluman a kundin tarihin ƙungiyar.