Tikitin da bai kamata dillali ya gani ba

Ka turo mini saƙo da daddare kana cewa, "Oga, a Jira ɗin da muka ɗora wa mutanen nan, yaya zan yi wasu tikitoci ma'aikatan cikin gida kaɗai su riƙa gani, ban da kwastoma?" Da wata tambayar ce, da na ce ka je ka bincika, don ban ɗauko ka in riƙa tauna maka komai ba. Amma wannan ta fama mini tsohon miki, don haka ajiye wayar nan ka karanta har ƙarshe.

Tun manhajar, wadda ake karɓar ƙorafi da buƙatu a cikinta kowanne ya zama tikiti, tana amsa sunan Jira Service Desk, kafin masu ita Atlassian su mayar da ita Jira Service Management a 2020, wani kamfanin rarraba kayan masarufi ya ba ni kwangila. Dillalansu suna Kasuwar Singa, suna Zariya, suna Kaduna, kowa da ƙorafinsa: kaya bai iso ba, an turo katan a fashe, rasit bai yi daidai ba. Suna son a daina bin ƙorafi a waya da baki. Aiki ne mai kyau, na kuma yi shi da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani.

Ka san lasisi ake biya wa ma'aikacin da ke amsa tikiti, kwastoma kuwa kyauta ne ko nawa ne. Da mai kamfanin ya ji haka, sai idonsa ya buɗe. Ya ce a saya wa mutum kaɗan lasisi, sauran ma'aikatansa na akanta da sito a shigar da su a matsayin kwastomomi. Wannan ba laifi ba ne, ana yi. Inda muka saɓa shi ne da ya ce a zuba su a rukuni ɗaya, a kuma kunna abin nan da ke raba kowane sabon tikiti ga duk 'yan rukuni kai tsaye, wai don shi ya riƙa ganin komai daga wayarsa. Na ce, "Alhaji, duk wanda ya shiga rukunin nan zai ga abin da kake gani." Na ce a raba aikin gida biyu, na dillalai daban, na cikin gida daban, a sa matakin tsaro a kan na kuɗi. Ya tambayi ko zai ƙara biya. Na ce eh, kaɗan. Ya ce, "Injiniya, kai dai yi abin da na ce." Araha ba ta ado, amma mai kuɗi ba ya jin wannan sai ta fashe.

Na miƙa aiki, dillalai suna rukuninsu, ma'aikata suna nasu. Sai Alhaji ya karɓi asusun admin ya damƙa wa ɗan ƙanwarsa da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, irinku ɗin nan masu ganin bidiyon minti biyar a YouTube su ce sun iya. Yaron ya ga rukunoni sun yi masa yawa, ya kwashe dillalai ya zuba su cikin rukunin ma'aikata, wai don aiki ya yi sauƙi.

Ran nan akanta ya buɗe tikiti yana neman a gyara farashin wani babban dillali a kwamfuta. Don a fahimce shi, ya liƙa takardar lissafi gaba ɗaya: ragin da ake yi wa kowane dillali a kan katan, bashin da ake bin kowa, har da layin da aka rubuta sunayen waɗanda ba za a ƙara ba kaya bashi ba. Manhaja ba ta san kunya ba. Ta raba tikitin ga rukuni, ta tura wa kowa imel cewa an raba masa sabon tikiti. Kafin la'asar, wani dillali ya buga takardar a shagon fotokofi, ya shigo ofis da ita a hannu yana karkaɗawa, yana tambayar dalilin da maƙwabcinsa na kasuwa yake samun ragin da shi bai taɓa gani ba alhali ya riga shi fara sayen kayansu. Na je na tarar da takardar a kan teburin Alhaji, an zagaye sunaye uku da jan biro.

Wa aka kama? Ni. Kowa a ofis ɗin ya san wanda ya taɓa rukunin, amma ɗan ƙanwa ne, ba a faɗa. Alhaji ya ce manhajata ce ke yoyo, ya riƙe kashin ƙarshe na kuɗina, har yau ban ga ko sisi ba. Abin da ya fi kuɗin ciwo, ya zauna a majalisarsu ya ba da labarina, wata kwangilar da na kusa sa hannu ta sulale. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

To, ga amsarka. Yadda ake shiga shafin admin, da ƙirƙirar rukunin ma'aikata, da sa mutum a matsayi, ba zan ɓata yawuna ba. In ba ka iya wannan ba, dawo mini da katin ofis.

Abin da yaran yanzu ke kasa rarrabewa shi ne bayanin cikin gida da matakin tsaro. Bayanin cikin gida, wanda Zendesk da Freshdesk da osTicket duk suna da irinsa, magana ɗaya kawai yake ɓoyewa a cikin tikiti. Tikitin kansa, da takensa, da abin da aka liƙa lokacin buɗe shi, duk suna nan a fili. Labule ne. Matakin tsaro shi ne ƙofa mai kwaɗo: wanda ba ya cikin jerin, ko adireshin tikitin ka ba shi, ba zai buɗe masa ba.

Za ka ƙirƙiri tsarin tsaro, ka sa mataki a ciki, ka ce masa "Cikin gida", ka zuba matsayin ma'aikatan da ke amsa tikiti da na admin kaɗai, sannan ka haɗa tsarin da aikin, wato project ɗin da tikitocin suke ciki. Kada ka sa mai buɗe tikiti a wannan matakin in kana nufin ma'aikata zalla. Amma ka kula da ɗaya ɓangaren: in ka mayar da wannan matakin ya zama shi ke hawa kan kowane sabon tikiti, kwastoma zai turo ƙorafi ya nemi tikitinsa ya rasa, wayarka ta kama wuta. Don haka mataki biyu za ka yi. Na kowa, mai ɗauke da kwastoma, shi ke hawa da kansa. Na cikin gida kuwa, ka sa dokar atomatik ta ɗora shi bisa nau'in buƙata, kada ka dogara da ma'aikaci zai tuna. Ba zai tuna ba. Ka kuma taƙaita waɗanda ke da izinin sauya matakin, in ba haka ba wani zai cire shi don tikiti ya ƙi buɗe wa abokinsa. Ƙananan ayyuka da ke ƙarƙashin tikiti suna gadar matakin uwarsu, wannan ba sai ka wahala ba. Tsofaffin tikitoci kuwa kai za ka bi su ka sauya a dunƙule. In kuma mutanen nan suna kan tsarin kyauta mai ma'aikata 3, matakin tsaro ba ya ciki, ka gaya musu gaskiya tun wuri.

Ni a ra'ayina, maganar albashi, da ladabtar da ma'aikaci, da farashi, ba su da abin yi a aiki ɗaya da kwastoman waje. Ware musu nasu, ka rufe shi ga waɗanda ka sa da hannunka.

Sai imel, inda yawancin ɓarna ke bi. Kashe raba tikiti ga rukuni kai tsaye. Duba wa kwastoma zai iya jawowa cikin tikiti, domin wanda aka sa a kwafin imel yana iya shiga cikin masu ganin tikitin in saitin ya yarda. Ka kuma hana ma'aikata yin gulmar kwastoma ta hanyar amsa imel ɗin sanarwa, su shiga manhaja su rubuta bayanin cikin gida. Saƙon da ya riga ya fita, babu matakin tsaron da zai dawo da shi.

Lokacin da abin nan ya same ni, kunya da asara kawai ake ji. Yanzu akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, akwai hukumar NDPC mai kula da kare bayanai, kuma in bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, awa 72 kamfani yake da ita ya kai rahoto. Ran da aka zo tambaya, za a nemi wanda ya saita. Saboda haka duk abin da ka ba da shawara aka ƙi, rubuta shi a imel, su amsa a rubuce. Ran miƙa asusun admin ma, a rubuta sunan wanda ya karɓa da kwanan wata.

Gobe ka buɗe asusun kwastoma na gwaji da imel na waje, ba na ofis ba, ka shiga ta wata wayar. Ka buɗe tikitin cikin gida daga naka ɓangaren, ka kwafi adireshinsa ka gwada a can, ka nemi takensa a akwatin bincike, ka duba ko wata sanarwa ta faɗo. Ka maimaita da asusun da ke cikin rukuni. Kada ka zo mini da "na saita, Oga". Hoton allon da ya ƙi buɗewa nake son gani kafin azahar.