Wai AU ɗin nan me take nufi?

Tambaya: Malam, ɗana yace AU zinare ne, ni kuma a rediyo Tarayyar Afirka nake ji, waye daidai? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya ku duka kunyi daidai, kar ki ja masa kunne. A labarai AU itace Tarayyar Afirka da ta gaji tsohuwar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU) a 2002, hedikwatarta na Addis Ababa, amma in kin leƙa Nijar UA zaki ji suna cewa saboda Faransanci. A kimiyyar sinadarai kuwa Au alamar zinare ce, u ɗin ƙarama ake rubutawa. Masana taurari ma suna da tasu AU, wato nisan duniya da rana, kusan kilomita miliyan 150. Ki duba littafin da yaron ya ɗauko ta.