In duniya na ɗumama, ina wannan sanyin ya fito?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: ta yaya za a ce duniya na ɗumama alhali hunturun Sakkwato na sa mu jin wuta da asuba, a Rasha kuma sanyi na kai digiri 50 ƙasa da sifili?

Sanyin mako guda daban, lissafin shekaru daban. Masana na haɗa ma'aunin duniya baki ɗaya na shekaru 30 ko fiye, kuma ya nuna zafi ya ƙaru da fiye da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19. Shekarar 2024 ce mafi zafi da aka taɓa aunawa.

Misalin Rashar ma ba ya goyon bayanka. A birnin Yakutsk na Saberiya, kan turaku ake ɗora gine-gine, don kada ɗumin ɗaki ya narkar da daskararriyar ƙasar da ke ƙarƙashinsu. Yanzu ƙasar na narkewa, bangaye na tsagewa. Garin Verkhoyansk kuwa, da ya yi suna wajen sanyi, ya ga digiri 38 a watan Yunin 2020. Zafin da mu nan muka saba gani a bazara ke nan!

Kuskuren da aka fi yi shi ne kafa hujja da bidiyon ƙanƙara na Facebook. Haka ma ɗora wa ɗumamar yanayi kowace ambaliya, alhali wani lokaci magudanan ruwa ne suka toshe.

In kuwa damuwarka lokacin shuka ce, duba hasashen daminar da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, ke fitarwa duk shekara, sannan ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.