Rigar ɗumi ta lantarki a kan moto

Ɗan'uwa ka ce sanyin asuba na damunka a hanyar Gaundare zuwa Garwa, wace rigar lantarki za ka saya. Ni dai kar ka ɗauki mai jonawa da batirin moto 12V, tana shan wuta sosai, ƙaramin moto irin namu mai injin 125cc ba ya iya ɗauka, wata asuba a Disamba sai da na tura nawa don batir ya mutu. Nemi falmaran mai USB ka sa pawa bank 10,000mAh a aljihu, ka saka falmaran ɗin kan singileti ta manne jiki sannan jaket mai tare iska a sama. Yatsu ne ma ke fara ƙagewa wallahi, safar hannu mai kauri dole ce.