Gashin walimar mutum 40 a bazara ba tare da tarin leda ba

Maigida, an ba ni gashi a wata walima a unguwar Ƙofar Ƙaura cikin Katsina, mutum 40, ga bazara ta kankama. Mai walimar ya ce kada a tashi a bar mashi ƙofar gida da leda da toka, kada kuma nama ya lalace. Ta ina zan fara?

Yarona, fara da lissafi kafin ka taɓa wuƙa. In akwai masa ko gurasa a gefe, giram 200 zuwa 250 na ɗanyen nama ya ishi mutum ɗaya. Mutum 40 ke nan kilo 8 zuwa 10. Rago mai kilo 30 a tsaye, in an feɗe an cire kai da ƙafa da kayan ciki, zai bar maka kamar kilo 14 da ƙashinsa. Ɗaya ya isa, muddin ka raba shi daidai: cinyoyi su tafi tsire, haƙarƙari da kafaɗa su tafi balangu. In mai walimar ya ce a kayar da biyu don kada a ji kunya, gaya mashi gaskiya cikin ladabi, na biyun ba zai ciyu ba.

Zafin Afrilu a Katsina yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan zafi ɗanyen nama ba ya son ya wuce awa ɗaya a sarari. Kada ka soke duka lokaci guda. Raba shi kashi ukku, biyu su zauna cikin kula da ƙanƙara, ɗaya a hannunka. Katakon yankan ɗanye daban, tiren gasasshe daban.

Wuta ita ce inda yara suka fi ɓarna. Kowane buhun gawayi itace ne aka sare, kuma kai ma ka ga yadda hamada ke matsowa ta wajen Daura da Mai'aduwa. Kirya gawayinta ya fi kowane riƙe wuta, shi ya sa ta yi ƙaranci, don haka wanda ka saya ka tattala shi. Wannan aiki kilo 8 zuwa 10 na gawayi mai nauyi zai kai ka, in ba ka zuba shi gaba ɗaya ba. Kunna da karan dawa da totuwar masara busassa. Ban yarda da kananzir ba, warinsa yana kama ƙuli. Leda da tsohon silifa kuwa haramun ne a tukubata, domin hayaƙin roba guba ne, naman zai sha, kai ma da ke tsaye a kai za ka sha.

Jira minti 20 zuwa 30, sai gawayin ya yi farar toka a bayansa, sannan ka kawo nama. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora a kan harshen wuta, ƙulin zai ƙone ya yi ɗaci, ciki kuma ɗanye, daga nan sai zubarwa. Tara garwashin gefe ɗaya da yawa, ɗaya gefen kaɗan. Balangu ya fara a gefen sanyi don ya nuna har ƙashi, tsire ya kewaye tukuba tazarar kamar taƙi ɗaya daga garwashi. Duba inda iska ke kaɗawa ka kare da kwano ko bulo, don iskar bazara tana cinye gawayi kafin nama ya nuna, kuma hayaƙin ya bi bayan baƙi, kada ya nufe su. In kitse ya ɗiga wuta ta tashi, janye naman, kada ka watsa ruwa, toka za ta tashi ta zauna a kansa.

Raga kuma, kada ka ɗauko ta cikin tsohon firij ko waya mai rufin tutiya, rufin yana ƙonewa ya shiga abinci. Sa maƙeri ya yi maka raga da tsinkunan ƙarfe marar tsatsa, ka wanke ka sake amfani shekara da shekaru. In tsinkunan na itace ne, tattara su bayan an ci, su ne makamashin gobe.

Maganar leda, maganinta aro. Tire manya 8, mutum biyar-biyar, kamar yadda muka saba ci tare. Kabeji da albasa da tumatir a kwano mai murfi, a yanka su dab da ci don albasa ba ta jure zafi. Yaji a ƙananan kwanoni, a daina ƙulla shi. Ruwan leda shi ne ya fi cika fili, mutum 40 a wannan zafi za su sha fiye da 100, kuma damina na zuwa ledar nan ce za ta toshe magudana, akuya ta haɗiye ta ta toshe mata tumbi. Sa randa biyu a inuwar darbejiya tun da safe, zoɓo da kunun aya a kula mai famfo, kofunan silba da yaro ɗaya mai ɗauraya. Wanda zai tafi da nama gida a naɗe mashi a takarda mai tsabta marar rubutu. Jarida tawadarta tana narkewa a mai, takardar siminti kuwa ka san abin da ta ɗauko.

Kai da ƙafa da kayan ciki ka miƙa cikin gida da wuri a yi farfesu. Ƙashi na romo, kitse a narka a ajiye don miya, fata a barbaɗa mata gishiri a kai wa majema, abin cikin tumbi da ɓawon albasa a ramin taki. Naman da ya rage kada ya kwana haka: a raba wa maƙwabta da almajirai tun da ɗuminsa, ko a dafa a daka a soya dambu.

In an gama, kife tsohon kwano a kan garwashin ka toshe gefensa da yashi. Iska ta yanke, wuta za ta mutu, da safe ka tankaɗe ka sami gawayin da za ka fara aikin gaba da shi. Tokar, in ta huce sarai, ka goge raga da tire da ita, tana cire maiƙo, sauran a kai gona.