Abin da ya sa muke raka alhazanmu tsohuwar tashar Suki

Assalamu alaikum ɗana. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Jidda, na ga tambayarka a kan abin da ya ba ka mamaki lokacin da ka zo gida, wato yadda zuriyarmu ke raka maniyyaci har tsohuwar tashar jirgin ƙasa, a yi bankwana a can, sa'annan ya hau mota, alhali ba jirgin zai shiga ba. Ka ce wasu abokanka sun kira abin bidi'a.

Sai ka fara sanin yadda muka zo nan garin Suki na ƙasar Sudan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuma niyyar hajji ce ta taso da su daga ƙasar Hausa, suka yi shekaru a hanya, a ƙafa da kan jakuna, suna tsayawa su yi ƙwadago su tara guzuri. Kakanka yana cikin waɗannan.

Layin dogo ya iso Sinnar daga Khartum a 1909, aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, kuma mutanenmu da yawa sun ci abinci a gonakin audugar Jazira da ruwanta ya raya. A 1929 aka haɗa layin da ya taso daga Kasala ta Gadarif da na Sinnar, ya bi ta Suki, ya haye kogi ta kan madatsar. Tun daga ranar mai niyyar Makka yakan hau jirgi a ƙofar gida, ya wuce Gadarif da Kasala da Haiya, ya sauka bakin Bahar Maliya, inda a wancan zamani ake tsare alhazai a Sawakin don duba lafiyarsu kafin su shiga jirgin ruwa.

Ina yaro na ga tashar, wadda muke kira mahatta, tana raye. Akwai dogon tankin ruwa da ake shayar da kan jirgi, da ƙararrawa a bakin ofishin nazir, wato shugaban tashar, da buhunan ridi da dawa jibge suna jiran taragu. Jirgin kuwa ba ya cika alkawari, sai a shimfiɗa tabarmi tun hantsi a zauna har la'asar, wani lokaci a kwana. A wannan zaman ne ake yin abin da ya zama al'adar. Maniyyaci yakan tashi ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, wanda yake binsa bashi ya faɗa a biya shi nan take, ya damƙa amanar gonarsa da iyalinsa ga ɗan'uwa a gaban shaidu, domin a zamanin ba kowa ke dawowa ba. Na ga mahaifina ya kwance bakin rawaninsa ya ƙirga wa wani mahauci kuɗin naman da shi mahaucin ma ya manta da su, kafin ya ɗauki butarsa da akwatin ƙarfe ya hau. A gida mutum yana iya cewa sai gobe, amma idan hayaƙin jirgi ya ɓullo daga yamma, gobe ta ƙare.

Da aka gama titin kwalta daga Khartum zuwa Bur Sudan a 1980, manyan motoci suka kwashe kaya da fasinja, jirgi ya yi ta raguwa. Mu dai ba mu sauya wuri ba, don kuwa ƙafa ta saba.

Saboda haka ka gaya wa abokanka babu wanda ya ɗauki tashar wurin ibada, kuma babu wata addu'a da aka keɓe mata. Neman yafiya da biyan bashi kafin tafiya su ne abin da malamai suka koyar, ko a zaure aka yi su sun wadatar. Ni dai na fi son tashar, saboda a fili take, kuma mai jin nauyin shiga gidan wanda suka ɓata yana iya zuwa can ya tsaya a gefe har a miƙo masa hannu. Idan Allah ya kawo ka hutun baɗi, zan nuna maka gindin tankin, inda kakanka ya damƙa wa ƙanensa gonar da mahaifinka ya gada.