Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne James Bond na Farko?

Tambaya: Ni da yayana mun yi gardama. Shi ya ce Roger Moore ne ya fara fitowa a matsayin James Bond, ni na ce Sean Connery ne. Malam, a raba mana gardamar. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ne da gaskiya, sai yayanka ya yi haƙuri. Connery ne ya fara taka rawar wannan ɗan leƙen asirin Birtaniya a silima, cikin fim ɗin Dr. No na 1962. Moore bai karɓa ba sai 1973.

An haifi Connery ranar 25 ga Agusta, 1930 a Edinbara ta Sukotlan, a gidan talakawa. Babansa leburan masana'anta ne, mahaifiyarsa kuma aikatau take yi. Yana yaro ya yi aikin kai madara gida-gida. Ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara 16, gyambon ciki ya sa aka sallame shi bayan shekara uku. Daga nan ba irin aikin da bai taɓa ba, har goge akwatin gawa. Ƙwallo ma ya iya, don Manchester United ta nemi ɗaukarsa, ya ƙi, ya zaɓi wasan kwaikwayo.

Sau bakwai ya fito a Bond, har rawar ta ishe shi. A ganina ma sai da gemu ya yi furfura gwanintarsa ta fito sosai: fim ɗin The Untouchables na 1987 ne ya ba shi Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Sarauniya Elizabeth ta naɗa shi Sir a 2000. Ya rasu a Bahamas ranar 31 ga Oktoba, 2020, yana da shekara 90.